Amaryar Ƙashi da Angon Kara

Tun da na ajiye alli na bar koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, mutanen unguwarmu a Madarumfa suka yanke cewa kaina ya ɗan taɓu, ni kuma ban taɓa ɓata bakina wajen musa musu ba. Wasu matan in sun bar aiki sai su kama kiwon tumaki, wasu su kafa tebur a ƙofar gida. Ni 'yan tsana na kama tarawa. Ba sababbin kanti ba, tsofaffi, waɗanda hannu ya shafe su har suka yi sheƙi.

Abin ya faro ne daga wata 'yar ƙashi da na tsinta a ƙasan adudun mahaifiyata bayan rasuwarta. Wanda bai san 'yar ƙashi ba, ga yadda ake yin ta: ƙashin ƙafar rago ne ko na ɗan maraƙi, a wanke shi a shanya, a narka kakin zuma a mulmula masa kai, a ja kitso da tsinke tun kakin yana da ɗumi, a dasa tsakiya biyu a gurbin idanu. Sai a ɗaura mata ƙyalle, a sa mata jigida. Ba hannu ba ƙafa, amma ka kuskura ka ce wa yarinyar da ke da ita ƙashi ne, ka ga kuka. Ranar da na ɗago ta mahaifiyata na riƙe, wani daɗi ya kama ni wanda har yau ban san sunansa ba. Daga nan na shiga nema.

Na samu 'yan kara, na samu 'yan laka, na samu 'yan totuwar masara da aka yi wa kitso da gashin masarar. Na samu 'yan roba irin na farko, jajaye da korra, masu hannuwa manne da jiki, waɗanda fatake suka riƙa shigowa da su daga Katsina tun muna ƙanana. Na zama abin tsoro a gidan suna, don da zarar na zauna kusa da tsohuwa sai jikokinta su fara zunɗena, wai ga Madan nan za ta tambayi adudun kaka, Madan kuwa shi ne sunan da koyarwa ta bar mini. Na jera su duka a armuwar, wato kabad mai ƙofar gilashi, a ɗakin da 'ya'yanmu suka tashi suka bari. Maigidana, tsohon direba ne da ya gama yawon kan iyaka ya dawo ya zauna, shi ya raɗa wa ɗakin suna lakwal. In ya ga na nufi can sai ya ce, “Madan za a shiga aji? Ki gaida min ɗaliban da ba su surutu.” In ce masa sun fi shi jin magana, ya yi dariya ya ci gaba da jan carbinsa.

Abu ɗaya ne ba ni da shi, shi ne ɗaki. Da muna yara muna gina wa 'yan tsanarmu ɗakuna da jiƙaƙƙiyar ƙasa a gindin katanga, mu yi musu jere, ruwan sama na farko ya tafi da su. Shi ya sa duk tsohuwar da na tambaya sai ta ce, ai Madan ɗaki ba ya ajiyuwa. Na riga na haƙura.

Sai ga shi wata shekara, gero ya fara sunkuyar da kai, wata tsohuwar ɗalibata ta kira ni a salula. Ungozoma ce yanzu a asibitin wani ƙauye bayan Gabi. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, “Madan, na ga abin da zai hana ki cin abinci.” Ta ce akwai wata tsohuwa a ƙauyen tana da 'yar ƙashi da ɗakinta sukutum, ɗakin gasasshiyar laka ne, da jinka da gado da jere. Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Ta ce amma in yi sauri, don babban ɗan tsohuwar da ke kasuwanci a Katsina zai zo ya ɗauke ta da zarar an ɗaure gero, ta koma can da zama. Ya riga ya faɗa cewa ba zai loda abin nan a mota ba. Ranar tafiya za a fasa ɗakin, a jefa ƙashin a juji.

A fasa! Na ajiye salula na fita tsakar gida ina kiran maigidana Alhaji kamar gobara ta tashi. Ya ce motarsa ta tsufa da hanyar rairayi, na ce ni ma na tsufa amma ban ƙi tafiya ba. Ya ce mai, na ce zan zuba. Ya ce gwiwarsa, na ce ai ba tura motar zai yi ba. Washegari da hantsi muna hanya.

Gidan tsohuwar gidan Anna ne, masu bin al'adar kaka da kakanni, a gefen ƙauye inda rumbuna suka fi ɗakuna yawa. Muka same ta a inuwar rumbu tana ɓarar gujiya, 'yar firit da ita, tsage ya cika mata kumatu, haƙoranta jajur da goro. Alhaji ya tsaya waje wurin maza. Na durƙusa na gaishe ta, na gaida gajiya, na gaida damina, na gaida abin da ban ma sani ba. Ta bar ni na gama tsaf, sannan ta ce, “An ce mini ke ce mai tara ɗiyan mutane.” Na ce ni ce, Inna. Ta shiga ɗaki, ta jawo wani babban masaki rufe da tsohon zane, ta yaye.

Wallahi sai da na dafa ƙasa. Ɗaki ne zagayayye, tsayinsa bai wuce kamu ba, an gasa shi ya yi ja da baƙi-baƙi irin na tukunya. Jinkarsa ta ciyawa ce, ana ɗagawa a mayar. Da ta ɗaga, sai ga gado na kara da 'yar tabarma saƙar hannu, ga ƙore na ɓawon goruba an jera babba kan ƙarami, ga tasoshi na marafen kwalba an goge su suna walƙiya, ga randa da ba ta fi ƙwan zabo ba, da moɗarta. Har tsintsiya akwai a bayan ƙofa. A kan gadon kuwa ga mai ɗakin a kwance, kakin kanta ya yi baƙi don tsufa, kitsonta doka, jigida har hawa uku, kuma a kumatunta an ja tsage irin na tsohuwar, layi bisa layi. Na matso kusa. Na ce, “Inna, in taɓa?” Ta ce, “Da sallama dai.”

Na yi sallama na ɗauke ta. Daga nan zumuɗi ya kwashe ni, na zuge jaka na fara zaro kuɗi, ina cewa ta faɗi ko nawa ne. Sai na ga ta karɓe 'yar daga hannuna a hankali, ta kwantar, ta mayar da jinka, ta ja zane ta rufe.

Ta ce, “Madan, ku can Madarumfa saida ɗiya kuke?”

Na rasa inda zan sa kaina. Na mayar da kuɗin jaka na ba ta haƙuri. Ta ɗan bar ni na sha kunyata, sannan ta ci gaba da ɓarar gujiya tana ba ni labari. Uwarta ce ta yi mata 'yar, gwaggonta maginiyar tukwane ta gina ɗakin ta gasa shi tare da tukwanen kasuwa. Da aka kawo ta gidan nan tana amarya, ta ɓoye su cikin kayanta, da niyyar ta ba ɗiyarta ta fari. Sai Allah ya yi ta ba ta maza zalla. Jikokinta mata duk a Katsina aka haife su, suna da masu kuka da batir. Na tambaye ta, a hankali, ko gaskiya ne abin da ɗanta ke tsoro, cewa kayan tsafi ne. Ta yi dariya har da tari. Ta ce, “Kayan tsahi suna can inda suke, ba su kwana bisa gado. Wagga ɗiyata ce. Yaron nan ya sani sarai, bakin mutane yake tsoro.” Yaron nan shi ne ɗan nata, mutum mai furfura, amma ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa.

Ta ce ta kai ɗiyan maƙwabta ɗaki ba iyaka, ta yi wa na dangi jere, amma ita ba ta taɓa sa tata ɗiya a lalle ba. Ta dube ni ta ce, “In kina son ta, ki nemi amrenta yadda aka saba. Ki kawo miji in gani. In ya yi mini, in ba ku ita da ɗakinta. In bai yi ba, gara a hwasa a gabana da in ba da ita inda ban sani ba.”

Bikin 'yar tsana! Rabona da shi tun ina da giɓi a gaba saboda famfarar haƙori. Na ce mata ta sa a ranta an gama. A mota na yi ta zuba wa Alhaji labari, ina tsara yadda za a yi lefe da wanda za a gayyata. Sai da muka hango ruwan tabkin Madarumfa ya ce, “To, Madan, wanne daga cikin ɗaliban naki ne angon?” Na shiga ƙirga su a raina. Armuwar cike, amma duk mata ne, ko namiji ɗaya babu.

Ban tsaya wata-wata ba, na hau mota zuwa Maraɗi, na shiga kasuwa na zagaya masu kayan yara har ƙafata ta kumbura. Na samo wani na roba, santalele, da kwat baƙa da takalmi, gashi kwance kamar an shafa masa man shanu. Ni dai a idona ya haɗu. Na naɗe shi a sabon ɗankwali, na hau kabu-kabu na kai shi ƙauye da kaina, don Alhaji ya ce ba zai ƙona mai saboda wannan ɗan gayun ba.

Tsohuwa ta karɓe shi ta juya gaba ta juya baya. Ta kira ƙawayenta biyu, tsofaffi irinta, su ma suka juya. Ta ce, “Ɗan wane gida ne?” Na ce daga Maraɗi yake. Ta ce, “Maraɗi gari ne, ba gida ba. Wa ne ubanai?” Na ce a kasuwa na samo shi. Ɗaya ƙawar ta ce a duba idanunsa, ko ƙiftawa ba ya yi a gaban surukai. Ɗayar ta ce wandon ma ya matse shi. Tsohuwa ta miƙo mini shi ta ce, “Ba ni ba da ɗiyata ga wanda ba a san asalinai ba. Ki sake dubawa, Madan, amma ki ga hwa an soma yankan hatsi.”

Na gani kuwa. Duk hanyar dawowa amalanke muke ta gamuwa da ita ɗauke da dammunan gero, kowace na gani sai in tuna lokaci yana ƙurewa. Na iso gida a fusace, na tarar da Alhaji yana jira ya ji yadda aka yi. Da na faɗa masa, ya yi dariya har hularsa ta faɗo. Nan na sauke masa duk abin da na kwaso a hanya. Na ce ya yi ta dariya, ai shi ba abin da ya taɓa so a duniya sai taya da gas-wal, man manyan motoci. Na ce za a fasa abin da ya girme mu duka, a zubar a juji, shi kuma yana nan yana washe baki. Na shige ɗaki na bugo ƙofa, na yi kukana na takaici.

Da safe na fito shara, sai na gan shi zaune a gindin dogon yaro, ya baza karan dawa a gabansa, da reza, da tabarau a kan hanci. Na yi kamar ban gani ba, amma sharar ranar duk a kusa da shi na yi ta. Yana feƙe ɓawon kara, yana yanka totuwa, yana soka wannan cikin wancan, hannun nan da na sani da sitiyari sai ga shi yana aiki kamar jiya ya bari. Ashe da yana yaro shi ne gwanin motar kara a unguwarsu, har da direba da yaron mota yake yi mata. Shekarunmu nawa tare bai taɓa faɗa mini ba. Ya yi kai, ya yi kafaɗu, ya ƙona tsinken ashana ya ja gashin baki. Sai ya shiga ɗaki ya fito da tsohuwar rigarsa ta shadda, ya yanke aljihun, ya ce in ɗinka babbar riga. Hula kuma daga bakin tsohuwar hularsa ya yanko ta.

Da muka gama sa masa kaya ya tsayar da shi a tafin hannu, ya dube shi, ya ce, “To. Wanga dai ɗana ne. In ta tambayi ubanai, ga ni.” Na rangaɗa guɗa a tsakar gida har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga.

Neman auren na gaske aka yi. Alhaji ya sa babbar riga, ya sayi goro mai kyau, ya wanke mota. A ƙauye aka shimfiɗa tabarma, tsofaffin nan uku suka zauna, maza suka tsaya daga baya suna ƙunshe dariya. Alhaji ya durƙusa da gwiwar nan tasa mai ciwo ya ce ya zo nema wa ɗansa. Tsohuwa ta karɓi angon, ta shinshina rigar, ta ja hular ta ga ba ta faɗuwa. Ni kuwa na zuba mata ido.

Ta ce, “Mi ne sana'atai?”

Alhaji ya ce, “Direba ne, Inna, kamar ubanai.”

Ta ce, “Direbobi ba su zama gida.”

Ya ce, “Wanga zai zamna. Ni na yi ƙahwahun, na san iyakar inda za su kai shi.”

Wurin ya ɓarke da dariya, har da mazan baya. Tsohuwa ta rufe baki da gefen zane, kafaɗunta suna rawa. Da ta natsa ta ce, “Na ba ku.” Sadaki kuwa ta ce irin na dauri take so, wanda suke biya suna yara, wato 'ya'yan tsamiya cike da ƙoƙo. Alhaji ya ce shi fa ba zai tara malamai a yi wa kara fatiha ba. Ta ce su ma da can ba su yi, goro da guɗa sun isa.

Abin mamaki, matan unguwarmu da suka ce kaina ya taɓu, da suka ji za a haɗa lefe sai ga su ɗaya bayan ɗaya. Matar tela ta kawo ƙyallaye, atamfa da leshi da shadda, muka yanka turame kamar faɗin yatsa biyu muka ninke. Kwalin ashana ya zama akwati, gwangwanin kifi ya zama babban akwati. Wata ta kawo kwalbar allura ta cika ta da turare, wata ta yanka sabulu ƙanana-ƙanana, wata Hajiya da ko gaisuwata da ƙyar take amsawa ta zauna ta yi takalmi da fatar tsohuwar jaka, tana faɗa da duk wadda ta ce bai yi daidai ba. Mata masu jikoki muna rigima a kan wane zane zai hau sama. Rabon gidana da irin wannan hayaniya tun auren autarmu.

Ana cikin haka ungozoma ta sake kira. Ɗan tsohuwa ya samu kamiyo, wato babbar motar ɗaukar kaya, wanda zai koma Katsina ba kaya, don haka ya matso da tafiya, ga shi ma ya iso ƙauyen. Na ce ta je ta zauna a kan masakin nan in ta kama, kada wanda ya taɓa shi. Muka mayar da biki washegari.

Mun isa da motoci biyu, tamu da ta haya, cike da mata da lefe da ƙoƙon tsamiya. Tun daga bakin ƙauye muke jin kiɗan ƙwarya. Kamiyo yana tsaye a ƙofar gida an loda masa dammuna da gado da tukwane. Ɗan tsohuwa yana gefe, dogon mutum mai kamala, ya harɗe hannuwa, kunya ta rufe shi. Ya ja Alhaji gefe, ni kuma na kasa kunne. Ya ce shi ba mugunta ba ce, a unguwarsu can har yanzu akwai masu yi masa gorin gidan da ya fito, ba ya so a ga uwarsa ta sauka da gunki a ce wa 'ya'yansa wani abu. Alhaji ya ce ya fahimta, amma yau dai ƙanwarsa ake aurarwa, ya daure ya tsaya a matsayin wa. Mutumin ya dube shi ya ga ko wasa yake, Alhaji ko murmushi bai yi ba.

A cikin gida tsohuwa ta sha lalle hannu da ƙafa, ta ɗaura zanen saƙi da aka ce tun rasuwar mijinta ba ta fito da shi ba. An sa wa amarya lalle a gindin ƙashinta, an yi mata wanka da jiƙaƙƙen ƙyalle, tsohuwa tana tsawa kada a kusantar da ita rana kakin ya narke. Aka buɗe lefe ana ɗaga kaya ɗaya-ɗaya da yatsa biyu, kowanne aka ɗaga sai guɗa. Ƙawayen uwar amarya suka ce turamen sun yi kaɗan, matar tela ta tashi za ta yi faɗa da gaske, sai da aka riƙe ta. Muka ci tuwo da miyar kuka, muka yi rawa. Ni da nake cewa bayana na ciwo, ni ce a tsakiyar fili.

Da la'asar ta yi aka ce a fito da kayan ɗaki. Ɗakin laka yana da nauyi, kuma ba a yarda mace mai rawar jiki irina ta ɗauka ba. Tsohuwa ta leƙa waje ta ce, “Ku kira mini yaron nan.” Ya shigo yana sunkuyar da kai. Ta naɗa gammo ta miƙa masa. Ya tsaya jim, sannan ya cire hularsa ya ba Alhaji, ya ɗora gammon, aka aza masa masakin. Haka ya ratsa taron mata da ɗakin a kansa, yana takawa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, har bakin motarmu. Da ya sauke sai ya sa hannu a aljihu ya ciro alewa ya zuba a masakin, ya ce gudummawarsa ce.

Na riga na gyara wa tsohuwa kujerar gaba, har da matashi. Na je na kama hannunta na ce ta taso. Ta ce, “Ina za ni? Uwa ba ta kai ɗiyarta ɗaki, Madan, ko kin manta?” Na manta kuwa, murna ta mantar da ni. Ta zauna a bakin ƙofarta, aka miƙa mata amarya lulluɓe da farin ƙyalle. Ta ɗora ta a cinya ta yi mata faɗa a kunne, ƙasa-ƙasa, yadda ake yi. Abin da na jiyo kawai shi ne, ta yi haƙuri, ta riƙe mutanen da ta samu, kada ta ce za ta dawo don gidan ma tashi zai yi. Kiɗa ya tsaya. Ƙawarta ta karɓi amarya, mu kuma muka fita, ba wadda ta iya guɗa sai da muka shiga mota.

A hanya Alhaji ya yi tuƙin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa, amalanke ma sai da ta wuce mu. Masakin yana kan cinyata, duk ramin da muka faɗa sai na yi salati. Muna shiga Madarumfa mata suka dawo da guɗa, Alhaji ya dinga danna oda, masu kifi a bakin hanya suna tambaya ɗiyar wa aka kawo. Ƙawayen tsohuwa su suka yi jere. Suka ƙi armuwar ƙememe, suka ce ba a kulle amarya a gilashi, aka sa ɗakin a kan ɗan tebur nesa da taga. Suka kwantar da ita a gadonta, suka jingina ango a bakin ƙofa, suka ce sai ya sayi baki. Alhaji ya biya da dabino.

A al'ada sai an kwana biyu uwa take zuwa ganin ɗaki, ita kuwa ba ta da kwana biyun. Na kwana da wannan a raina. Da hantsi ina wanke kwanonin biki sai na ji ƙugin babbar mota a ƙofar gida. Na fita da kumfa a hannu. Kamiyon ne, ɗanta ya sa direba ya ratse daga hanya. Ya sauko ya ce, “Hajiya, ta ce ba ta tsallaka iyaka sai ta ga inda anka aje ɗiyarta.”

Na kamo hannunta muka shiga. Ta tsaya ta dubi armuwar da duk waɗanda ke ciki, ta gaishe su da jam'i. Sannan ta durƙusa gaban teburin ta ɗaga jinka. Ta matsar da randa, ta juya tsintsiya, ta ce an sa ƙoren nan ba daidai ba, ta gyara. Ta dubi ango ta ce ya rame, a riƙa ba shi abinci. Ta shafa bangon ɗakin da tafin hannunta mai lalle, ta ce, “Ɗaki ya yi. Kun riƙe ta da kyau.” Na yi mata godiya.

Sai ta ce, “Madan, ara mini majanyi.”

Na ɗauko wanda nake goya jikokina da shi. Ta sunkuya, na ɗora mata 'yar a baya, ta ja zane ta ɗaure, ta ɗora majanyin ta tamke a ƙirji. Ta fita tsakar gida ta zagaya gindin dogon yaro, tana ɗan jijjigawa, tana bubbuga bayan da hannu ɗaya, tana wata waƙa da ba ta fita daga maƙogwaro. Alhaji ya sunkuyar da kai. Direban kamiyo ya danna oda a waje, ɗanta ya daka masa tsawa.

Da ta gama ta juyo mini baya ta ce in zare ta. Na zare ta daga sama, da ɗumin jikin tsohuwar a kakin. Ta ce, “Ga amana nan.” Ba ta ƙara kallon hannuna ba, ta nufi ƙofa, muka bi ta. Ɗanta ya tallafa mata ta hau gaban kamiyo ta zauna, majanyina yana nan ɗaure a ƙirjinta, ba kowa a bayan. Na ga ya lura, ya miƙa hannu zai kwance mata, sai ya fasa, ya rufe ƙofar a hankali.